Ƙuri'ar da Muka Yi wa Baba Isaka

Al Nahda, Dubai

Assalamu alaikum, Ummi.

Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, kin huta gajiyar hanya, kin kuma tarar da Gwaggonki da mutanen gidanta cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ki a zamanki da tashinki, ya haɗa ki da malamai masu tausayi da ƙawaye na kirki. Mamanki tana gaishe ki, ko da yake na san kafin ki karanta wannan ta kira ki ya fi sau uku.

Na cusa takardar ne a tsakanin littattafanki, can ƙasan akwati, don kada ki gan ta sai kin kwance kaya a Zariya. Kin san Abbanki da nauyin baki. Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika bar shi. Wata tambaya ce kika yi mini kina 'yar shekara tara, na amsa miki da ƙarya, kuma ƙaryar tana nan zaune tsakaninmu har yau. Kin tambaye ni me ya sa Baba Isaka ya daina zuwa cin tuwon Juma'a. Na ce miki aiki ne ya yi masa yawa. Ba aiki ba ne. Ranar da aka yaye ku daga sakandare, kin tsaya gaban jama'a muryarki tana rawa, kin ce a wurin mahaifinki kika koyi adalci. Mutane suna ta tafi, ni kuwa ina neman inda zan sa fuskata. Ba na son ki yi shekara huɗu kina karanta ilimin siyasa alhali kina ɗauke da hoton wani mutum wanda ba ni ba ne. Mai yiwuwa idan kin gama karanta wannan ba za ki ƙara kallona kamar da ba. Na auna, na ga gara hakan.

Ni injiniya ne, ban taɓa zama ajin falsafa ba. Duk abin da na sani game da Girkawan da, daga bakinki na ji shi, a cikin mota, a cunkoson safe, lokacin da motocin Sharja suke cika titi ba gaba ba baya. Ki buɗe littafi a cinyarki ki yi ta bita da ƙarfi, ni ina riƙe da sitiyari kamar ba na ji. Ina ji, Ummi. A nan na ji cewa a birnin Atina maza 'yan gari sukan taru a kan wani tudu su yi muhawara su ɗaga hannu, kuma daga harshensu kalmar dimokuraɗiyya ta fito. Na ji cewa mata da bayi da baƙin da suka zo neman abinci ba su da baki a taron, ko da baƙon ya tsufa a garin. Da kika zo nan sai kika ɗago kai kika ce, "Abba, ashe irinmu ke nan." Na yi dariya na wuce maganar. Abin da ya kamata in gaya miki shi ne, mu baƙin ma, da muka sami ɗan taronmu, sai da muka nemi waɗanda za mu mayar baƙi a cikinsa.

Bari in tuna miki da shi, don kina ƙarama sosai. Baba Isaka ɗan zangon Kumasi ne a Gana. A siton kamfaninmu da ke Al Quoz muka haɗu, inda yake tuƙa injin da ke sauke kaya daga kwantena. Wata rana na shiga ina gunaguni ni kaɗai da Hausa a kan zafi, sai na ji daga saman inji an ce mini in bi shuwayya shuwayya, wato sannu-sannu da Larabci, ai zafin ba da ni kaɗai yake ba. Ya girme ni da kusan shekara goma. Iyalinsa suna Kumasi, shi kuma yana kwana a sansanin ma'aikata, su takwas a ɗaki ɗaya. Ranar Juma'a sai ya hau bas biyu ya zo gidanmu don tuwon Mamanki da miyar kuka. In ya gama ya ce "medase", wato na gode da yaren can. Ke kuwa ki yi ta dariya don yana cewa "Ummi ya girma" maimakon "ta girma". Shi kuma ya ce miki su a Kumasi ba su da lokacin raba mace da namiji a magana, tun da Allah ya riga ya raba.

A shekarun nan mu 'yan Arewa muna da wani zama duk wata a falon Alhaji Sabo, ɗan kasuwar nan mai aika kago, wato kayan 'yan kasuwa zuwa gida, don falonsa ya fi na kowa girma. Ba wata ƙungiya ba ce, zumunci ne kawai. Mu tarbi sabon zuwa, mu duba mara lafiya, in an yi rasuwa mu tsaya, da Sallah kuma mu ci abinci tare. Ni na kai Baba Isaka. Shi kuma ya jawo wasu daga sansani, 'yan Gana da 'yan Nijar da namu na gida masu aikin ƙarfi. Da muka yi yawa sai aka ce a yi tsari, aka ba ni magatakarda.

Kuskurena na farko ba wanda ya gan shi. An ce in tsayar da ranar zama, sai na sa Asabar da la'asar. A lokacin mu ma'aikatan ofis muna hutun Juma'a da Asabar, su kuwa mutanen sansani Juma'a kaɗai gare su. Ina sane na yi. Na gaya wa kaina cewa waɗanda suka yi karatu su ya kamata su yanke shawara, sauran a sanar da su daga baya, ai don amfaninsu ne. Shekaru bayan haka na ji ki a mota kina bitar wani masanin Girka da ya kwatanta gari da jirgin ruwa, yana ganin wanda ya san taurari da iska shi ya dace ya riƙe akala, ba wanda ma'aikatan jirgin suka fi so ba. Har na ji sanyi a raina, na ce ashe ina da mai goyon baya tun zamanin da. Sai kika juya shafi, kika zo kan ɗalibinsa, wanda shi ma baƙo ne a Atina ba shi da ƙuri'a. Shi yana ganin mazaunin gida ya fi magini sanin ko gidan ya yi kyau. Kika rufe littafin kika ce ai Bahaushe ya daɗe da faɗin wannan, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To ki riƙe wannan. Za ki shiga ƙungiyoyin ɗalibai, kuma irinki mai tsafta a rubutu ita ake ba wa alƙalami. Duk ranar da aka ce ki sa lokacin taro ko wurinsa, kafin ki duba wa zai zo, ki duba wa ba zai iya zuwa ba. Ana hana mutum magana ba tare da an rufe masa baki ba. Ni da kalanda na yi.

Baba Isaka kuwa sai ya je ya yi musayar ranar hutu da wani abokin aikinsa ɗan Nefal, sau ɗaya a wata, ya ci gaba da zuwa. Shi kaɗai ne daga sansani.

Sai maganar shugaba ta taso. Alhaji Sabo yana so, wani likita ma yana so, falo ya rabu biyu, ana ta jan magana. Baba Isaka ya ɗaga hannu ya ce a yi ƙuri'a mana. Kowa ya amince. Na tashi zan raba takardu don kowa ya rubuta wanda yake so. Sai muka ga ya cire hularsa ya miƙo ta a buɗe, ya ce kowa ya rubuta sunan kansa ya jefa. Ashe ba zaɓe yake nufi ba. Ƙuri'ar da yake nufi ita ce ta asali, wadda ake girgiza sunaye a zaro ɗaya. Ya ce haka suke yi a ɗakinsu. Su takwas ne daga ƙasa biyar, ba mai jin yaren wani sosai. Wa zai kwana kusa da na'urar sanyi, wa zai hau gadon sama, wa zai je ya yi magana da mai kula da sansani in ruwa ya ɗauke, duk hula ke raba musu, kuma shekara uku ba su yi faɗa ba.

Falo ya fashe da dariya. Alhaji Sabo ya share hawaye ya ce, "Wato Malam Isaka, in hularka ta fito da direban bas, shi zai shugabance mu?"

Ya ce, "Wa'adin wata shida ne kawai, Alhaji. Ai shi ke tuƙa mu kullum, ba mu mutu ba."

Wasu suka ƙara dariya, wani daga baya ya ce ya fara gyara Hausarsa tukuna. Ni kuma, don in nuna ba tare muke ba, na ce masa, "Baba Isaka, nan fa ba caca muke yi ba." Dattijo mai sallah a sahun gaba na jefa wa kalmar caca. Ya dube ni kaɗan, ya kaɗe hularsa ya mayar kansa.

Kin san abin da zan ce, don ke kika karanta mini. Mutanen Atina da ƙuri'ar zaro suna suke cika majalisarsu da yawancin muƙamansu, don kada masu dukiya da masu zaƙin baki su kwashe komai, don kuma kowa ya ɗanɗani mulki ya ɗanɗani a mulke shi. Da na ji haka sai na lura cewa kalma ɗaya muke da ita ga abubuwan nan biyu, ta zaɓe da ta hula, kuma tsohon nan ya fi mu sanin tushenta. Ba ina cewa hula ta fi zaɓe ba ne. Ban sani ba, malamanki za su fi ni bayani. Abin da na sani shi ne ba shawarar na yi wa dariya ba, bakin da ta fito na raina. Da likitan nan ne ya kawo ta da Turanci, da mun ce a kafa kwamiti a duba. Ummi, in magana ta ba ki dariya a taro, ki tambayi kanki ko za ki yi dariyar da wani ne ya faɗe ta.

Alhaji Sabo ya ci zaɓe. Baba Isaka ya yi masa murna da hannu biyu, ya kuma ci gaba da zuwa da tambayoyinsa. Ba ya musu, ba ya ɗaga murya. Kullum da abu ɗaya yake farawa, cewa shi bai yi boko ba, a fahimtar da shi. Wane ne ɗan zaman nan, wanda yake zuwa ko wanda ake yanke hukunci a kansa? In an tsayar da magana a kan mutanen da ba sa nan, sunanta shawara ko umarni? Sai a ba shi amsa, ya gode, ya sake tambaya a kan amsar, har mai amsawar ya ji ya ɗaure kansa da kansa. Zaman awa ɗaya ya koma na awa biyu. Mutane suka fara duba agogo in ya ɗaga hannu. Suka fara ce mini, "Injiniya, kai ka kawo mana shi." Mun manta mu ne muke cewa matambayi ba ya ɓata.

Abin ya fashe ne da babbar Sallah. Mun kama wani ɗakin taro, aka jera kujeru da tebura don masu iyali da manyan baƙi. Mutanen sansani kuwa aka ce wuri ba zai isa ba, a ƙulla musu abincinsu a roba a ba su a bakin ƙofa, ai bas ɗinsu ma yana jira. Ni na rubuta wannan tsarin. Ana tsakiyar cin abinci Baba Isaka ya shigo da robarsa a hannu, ya tsaya gaban teburin Alhaji ya yi sallama.

Ya ce, "Alhaji, a fahimtar da ni. Da safe a idi sahu ɗaya muka tsaya. Tsakanin can da nan, a ina muka rabu?"

Ya jira kaɗan, ya yi mana barka da Sallah, ya fita wurin 'yan'uwansa. Kina wurin, kina wasa da yara a baya, sanye da wata koriyar riga.

A zama na gaba Alhaji ya ce shi ba ya son rigima kuma ba ya son a kama sunan kowa. Ya ce a ba kowa 'yar takarda, ya rubuta sunan wanda yake ganin zamansa a cikinmu yana ɓata zumunci, wanda ba shi da kowa a rai ya bar tasa fara. Wanda sunansa ya fi fitowa sai ya yi haƙuri ya huta. Baba Isaka yana zaune a bakin ƙofa inda ya saba. Tambaya ɗaya ya yi, wane laifi ake tuhuma. Aka ce masa ai ba a tuhumi kowa ba. Alhaji ya ƙara da cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, abin da jama'a suka so shi za a yi.

Ni na yanka takardun da almakashin gidan Alhaji. Ina so in gaya miki tsoro ne ya kama ni, ko an matsa mini, amma ba wanda ya ce mini ƙala. Na gaji ne da a ce ni na kawo shi. Ina son kujerata a falon nan, ina son a ci gaba da kirana Injiniya da fara'a. Na ce wa kaina takarda ɗaya ba za ta canza komai ba. Na karkatar da hannuna don kada a gane rubutuna, na rubuta sunan mutumin da ya ci tuwo a gidana ranar Juma'ar da ta wuce. Kuma da yake ni ne magatakarda, ni na buɗe takardun na karanta su da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya. Uku ne kawai farare. Da na zo kan tawa na gane ta, na karanta ta da murya irin ta sauran.

Sunan Baba Isaka ne ya rinjaya. Ya tashi ya sa takalminsa a hankali. Ya gode wa kowa, ya yi addu'a Allah ya bar zumunci. Da ya zo wucewa ta gabana ya dafa kafaɗata ya ce, "Injiniya, a gaida Ummi."

Kin tuna ranar da na wuce hanyar makarantarku muka tsinci kanmu a hanyar Sharja, har kika makara, na ce taswirar waya ce ta ruɗe ni? Ranar ce kika karanta cewa mutanen Atina sukan rubuta sunan mutum a kan tsingaro, in sunansa ya rinjaya ya bar gari shekara goma, ba tare da an faɗi laifinsa ba. Daga nan kika wuce kan tsohon nan mai yawo a kasuwa yana yi wa manya tambayoyi yana cewa shi bai san komai ba, har ɗaruruwan 'yan garinsu suka zauna suka yanke masa hukuncin shan guba da rinjayen ƙuri'a. Kika ce ke abin da ya fi ba ki mamaki shi ne waɗanda suka yi hakan ba azzaluman sarakuna ba ne, mutanen gari ne, masu 'ya'ya, wataƙila wasu ma sun sha hira da shi. Kika tambaye ni yaya suka yi barci. Na ce ki mai da hankali kan karatunki. Na san amsar, Ummi. Lafiya lau suka yi barci. Daga baya ne abin yake zuwa.

Kada ki ɗauka ina zagin ƙuri'a ne. Kin cika goma sha takwas, za ki yanki katin zaɓe a ƙasarki, abin da ni na yi shekara ashirin ban yi amfani da shi ba. Ki yanka, ki bi layi, ki jefa. Mutanen da suka taɓa zama inda ba su da ta cewa su suka fi sanin darajar wannan. Amma yawa yana nuna abin da za a yi ne, ba ya nuna abin da yake daidai. Duk inda za a ƙirga hannu a kan mutum, ki tsaya sai an faɗi laifinsa a fili, sai an bar shi ya kare kansa. In aka ƙi, ki tashi ki faɗa da bakinki cewa ba ki yarda ba, ko da muryarki za ta yi rawa kamar yadda ta saba. Su mutum ukun nan masu farar takarda sun fi ni, amma su ma ba wanda ya buɗe baki. Kuma kada ki taɓa cewa takarda ɗaya ba ta canza komai. Ko ba ta canza hukunci ba, tana canza wanda ya rubuta ta.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Na daina shiga sito, in akwai abin dubawa sai in tura wani. In muka yi kiciɓis a bakin masallacin kamfani Baba Isaka ke fara gaishe ni, ya tambayi Mamanki, ya tambaye ki. Bai ƙara zuwa gidanmu ba, ni kuma ban ƙara cewa ya zo ba. Ƙaryar da na yi miki ita na yi wa Mamanki. Bayan kamar shekara kamfani ya rage ma'aikata, sunansa ya fito. Kin san dokar zaman nan, in aiki ya ƙare biza tana bin sa, sai mutum ya sami wani cikin ɗan lokaci ko ya tattara. Irin wannan ne ma amfanin zamanmu, a yi wa mutum cigiyar aiki. Na san wani mai sito a Al Warsan da ke neman mai tuƙa irin injinsa. Waya ɗaya ce. Amma mutumin surukin Alhaji Sabo ne, na ce bari in jira ƙura ta lafa. Ina jira har wata rana mai gadi ya ce mini ai tsohon nan ɗan Gana ya tafi tun watan jiya.

Kuskure ba ya son zama shi kaɗai, sai ya nemi ɗan'uwa ya rufa masa asiri. In kin yi wa wani ba daidai ba, ki je a ranar, tun kunyar tana ƙarama. Tawa na bar ta ta girma har ta fi ƙarfina.

Zaman namu ma bai daɗe ba. Mutanen sansani suka daina zuwa ko da Sallah. Ba mai tambaya, komai aka kawo sai a ce an amince, a sha shayi a watse cikin rabin awa. Muna ta yarda da juna har aka rasa dalilin zuwa.

Watan jiya, da takardar samun gurbinki ta zo, na ce ba za ki tafi ba sai na gyara wannan. Na nemi wani direba ɗan zangonsu, ya samo mini lambar gidan Baba Isaka. Na kira da rana daga cikin mota, na shirya duk abin da zan ce. Matarsa ce ta ɗauka, Hajiya Memuna. Ta ce Allah ya yi masa rasuwa bara, gab da azumi, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ina cikin yi mata ta'aziyya ta tambayi wane ne. Da na ce Injiniya ne daga Dubai, sai muryarta ta canza, ta kira 'ya'yanta su zo su gaishe ni. Ta ce ba ranar da za ta wuce bai ambaci tuwon gidana ba, kuma har ya rasu yana sa ki a addu'a.

Sannan ta ce, "Ai kai ne mai farar takarda. Ya ce ranar da aka kore shi takarda uku ba a rubuta komai ba. Ya ce biyu bai san masu su ba, amma ɗaya ta Injiniya ce, ba sai an gaya masa ba."

Na ce Allah ya ji ƙansa. Na ce Allah ya sa ya huta. Ban gaya mata gaskiya ba. Ta yi ta sa mini albarka ina cewa amin, har muka yi sallama.

Wannan shi ne kuskurena na ƙarshe, wata ɗaya ke nan da yin sa, kuma ba ni da nasihar da zan ɗora a kansa, don ban san mafita ba. Wanda zan nemi gafararsa ya tafi yana kyautata mini zaton da ban cancanta ba. Na gaya wa Mamanki komai a makon nan. Ta yi kuka, ta ce in bar baiwar Allah da abin da ke sanyaya mata rai, in yi ta yi masa addu'a da sadaka. Wani lokaci ina ganin gaskiyarta. Wani lokaci kuma ina ganin ina cin albarkar da ba tawa ba, kuma 'ya'yansa suna da haƙƙin sanin abin da ya mayar da ubansu gida ba shiri. Sai kuma in ce anya ba kaina nake so in sauke wa kaya ba, in ɗora wa matar da ke cikin nata.

Tun da aka haife ki ban taɓa neman shawararki a kan komai ba. Makarantarki ni na zaɓa, har jami'ar nan sai da Mamanki ta sa baki kafin na saurare ki. Yau ina nema. Ba ina ɗora miki hukuncin ba ne, nawa ne, ni zan ɗauka. Amma ke ma Baba Isaka ya ce a gaishe ki, ban isar ba sai yau, don haka kina da baki a maganar. Ki gaya mini abin da kika gani, in kira ta in faɗa mata, ko in yi shiru. Kada ki tausasa don ni ne. In kuma kina bukatar lokaci kafin ki iya yi mini magana, ki ɗauka, ba zan ce kin yi rashin kunya ba. Lambar Hajiya Memuna tana nan a wayata, ban goge ba, ban kuma sake kira ba. Ina jiran ki.

Allah ya tsare mini ke a hanya da masauki, a aji da ɗakin kwana. Ya kare ki daga sharrin mutane, ya kare mutane daga sharrin hannunki. Ya ba ki ilimi mai amfani da zuciyar da za ta iya ɗaukar sa. In kin yi sallah ki sa Baba Isaka a addu'a, Allah ya haskaka kabarinsa. In da sauran wuri, ki sa ni.

Ki gaida Gwaggonki da kyau. Ki riƙa cin abinci.

Wassalam,
Abbanki.